Rana Ce Ke Kawo Damina: Wa Zai Faɗa Wa Yara?

Daga Wakilinmu Na Arewa

Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri cikin watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ta sa tilas a tambaya: me ake koya wa 'yan firamare game da ruwan sama?

Abin kuwa ba wuya. Ranar bazara ce ke gasa ƙasar Arewa da Hamada, iska mai zafi ta yi sama, sa'an nan iska mai laima ta taso daga teku ta maye gurbinta. Shi ya sa ruwa kan sauka Ikko tun Maris, Kano kuwa sai Mayu ko Yuni. Da rana ta karkata kudu, sai hunturu ya iso da ƙurar Cadi.

Malami ba ya bukatar ɗakin gwaji. Tasa biyu na ruwa, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, sun isa yara su ga wadda ta riga ƙafewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da harshen uwa, a 2025 ta soke. To, ɗan aji biyu a Gumel zai haddace Turancin, amma anya zai gane hadarin da ke haɗowa daga gabas ake nufi?