A Daina Sa Wa Dila Guba A Kan Burtali

Ƴan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa koro shanu a ƙasa, ya kwana a daji tsakanin Abalak da Tawa, ko a hanyar Masakori zuwa Kusiri, ya san kukan dila da magariba. Kamar ƙaramin karen gida yake, kilo 7 zuwa 15, gashi ruwan yashi, gadon baya da ɗan duhu, ƙarshen wutsiya baƙi.

Masana sun daɗe suna cewa dilanmu da dila mai ruwan zinariya na Indiya, Iran, Turkiyya da gabashin Turai duk ɗaya ne. Sai a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya raba su, wai namu ya fi kusa da kyarkecin Turai. To, ko ma me aka kira shi, zamansu iri ɗaya ne. Namiji da mace ba sa rabuwa, ciki wata biyu da ƴan kwanaki, a haihu cikin rami, ƴaƴan bara kuma sukan tsaya su taya reno.

Abin da ya dame mu shi ne guba. Dila ya ɗauki ɗan akuya, sai wani ya hasala, ya barbaɗa maganin ƙwari a mushe, ya yi gaba da garkensa. Ba mu ce malamin daji waliyyi ba ne. Yana ɗaukar ƙananan bisashe, har jinjirin maraƙi in uwar ta yi nisa. Amma bijimin da muke kai wa kara ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Yawancin abincinsa ɓera ne, da fara, da ƙadangare, da mushe.

Ita kuwa guba ba ta zaɓe. Ungulu ta ci ta mutu, karen makiyayi ya ci ya mutu. Ungulun ma yanzu nawa suka rage? In su da dila suka ƙare, wa zai kwashe mushen da ke ruɓewa a bakin tabki? Shanunmu ne fa za su sha ruwan nan.

Dilan da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya shigo zango da rana tsaka, ba ya gudun mutum, yana dalalar da miyau. Alamar ciwon haukan kare ke nan. Wanda ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti ranar nan. Saniyar da ya ciza kuma a nuna wa malamin dabbobi, kada a yi maza a cusa ta cikin kamyo a tsallaka iyaka da ita.