FILIN MATA: Manya Ma Suna Wasan Gini

Zancenmu na wannan mako a kan wani wasa ne, wanda in kun ji farkonsa za ku ce na yara ne. Amma a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai magidanta, maza da mata, har da masu furfura, waɗanda suka riƙe shi ka'in da na'in, ba su kuwa jin kunyar kowa. Ku biyo ni sannu, don in mun gama yawo a can za mu komo gida Auyo, inda zancen ya fi shafarmu.

Wasan nan na gini ne da waɗansu 'yan tubala na roba mai ƙarfi, waɗanda a ke kira LEGO. Wanda aka fi sani a cikinsu bai kai girman kwalin ashana ba. A bisansa akwai 'yan kawuna takwas kamar maɓallai, huɗu huɗu a jere biyu. Ƙarƙashinsa kuwa rami ne, da 'yan bututu uku a ciki. In kika aza wani a kan wani kika danna, sai kawunan na ƙasa su shige tsakanin bututun na sama, su kama kam. Babu ƙusa, babu ƙaro, babu siminti. In kuma kika so, sai ki ɓamɓare su ki gina wani abu dabam, tubalin bai lalace ba.

Asalin abin daga wani ƙaramin gari ne mai suna Billund a ƙasar Denmak. Wani kafinta ne a can, Ole Kirk Christiansen. A shekarar 1932 ciniki ya mutu a duniya, aikin kafinta ya yi wuya, ga shi kuma a shekarar ce matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya'ya maza huɗu. Sai ya koma sassaƙa wa yara kayan wasa na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1942 gobara ta cinye ma'aikatarsa, bai yi zuciya ba, ya sake ginawa. A 1949 suka fara yin tubalan roba, amma na farkon ba su kama juna sosai, da an taɓa ginin sai ya zube. Sai a 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar dabarar bututun nan na ƙasa. Tun daga ran nan ba a sake ma'aunin ba, har tubalin da aka yi a 1958 yana kama na bana daram.

Ku 'yan makaranta masu son lissafi, ga abin mamaki. Tubali biyu irin masu kawuna takwas, masu launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 24. In uku ne, hanya 1,560. In kuwa shida ne, wani malamin lissafi na Denmak mai suna Søren Eilers ya sa kwamfuta ta ƙidaya, ya sami hanya 915,103,765. Tubali shida kacal! To, kun ga dalilin da ya sa babba ba ya ƙosawa da su.

Manyan da ke wannan wasa iri uku ne. Akwai masu sayen kwali su bi littafin da ke ciki shafi shafi har su gama. Don irinsu ne a 2020 kamfanin ya shiga rubuta wa waɗansu kwalaye cewa na masu shekara 18 ne zuwa sama. A 2021 ya fitar da siffar jirgin ruwan nan Titanic, tubali 9,090, tsawonsa ya fi mita guda. Na biyu su ne masu gyara. Su in sun gama abin da littafi ya ce, sai su tsaya su dube shi, su ce ƙofar nan ta yi ƙanƙanta, rufin nan ba shi da ƙarfi, su rushe wani sashe su sake shi yadda ya fi. Na uku kuwa ba ruwansu da littafi, daga kansu su ke fito da abin da za su gina.

Daga cikin na ukun nan akwai Ekow Nimako, mazaunin birnin Toronto a Kanada, wanda iyayensa mutanen Gana ne. A 2019 ya gina wani birni da baƙaƙen tubala wajen 100,000, ya sa masa sunan Kumbi Saleh, watau babban birnin tsohuwar daular Gana, wanda kangonsa ke cikin ƙasar Muritaniya. Ya gina shi yadda ya ke zaton zai zama bayan shekara dubu. Akwai kuma Ellen Kooijman, masaniyar kimiyyar duwatsu a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Ita ta lura cewa a cikin kayan wasan nan ba a cika nuna mata suna aikin ilmi ba. Sai ta tsara ɗakin bincike da mata uku a ciki, ɗaya tana duban taurari, ɗaya tana nazarin ƙasusuwan dabbobin dā, ɗaya tana haɗa sinadarai. Ƙa'idar kamfanin ita ce in mutum 10,000 suka goyi bayan tsarin wani, sai a duba ko za a yi shi don sayarwa. Nata ya sami goyon bayan, aka kuwa fitar da shi kasuwa a 2014.

Na san wata za ta ce, “Haba! Mu da ke fama da surfe da daka da ɗiban ruwa, ina mu ina wasan masu ƙoshi?” Gaskiyarki uwargida, ta wani gefe. Tubalan nan suna da tsada, ban kuwa ce ki matsa wa maigida ya taɓa kuɗin cefane don su ba. Ana samunsu a manyan kantunan birni, akwai kuma na kwaikwayo masu araha, amma ko ba ki taɓa ganinsu ba, ba ki yi asarar kome ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga mutanen nan shi ne halinsu. Ba su ganin girma ya hana mutum yin abu da hannunsa, ya gwada, ya rushe, ya sake.

Mu kuwa a nan muna da namu tubalan tun kaka da kakanni. In an yi girbin dawa, ku dubi yara maza. Su feƙe ɓawon kara, su yanka totuwar gunduwa gunduwa, su soka wannan cikin wancan, nan da nan sai ga mota da ƙafafunta suna juyawa. Ba ƙusa, ba ƙaro, daidai da na mutanen Denmak. 'Yammata kuma su kwaɓa laka su yi 'yan tukwane da murhu da ɗakin amarya. Duk wannan ilmi ne, ko da ya ke ba a allo a ke rubuta shi ba. Amma me mu kan yi? Da yarinya ta kai shekara tara ko goma, sai mu ce, “Ke, kin girma, tashi daga wasan ƙasa!” Wata uwar ma ta sa tsintsiya ta share abin da yarinyar ta yini tana yi, ta aza mata farantin talla. Daga ranar yarinyar ta koyi cewa abin da ta ƙirƙira da kanta shara ne. Wannan ita ce asarar da na ke jiye mana.

Ga kuma dalilin da ya sa zancen ya fi shafar mutanen Auyo. Kogin Haɗejiya arzikinmu ne. Da shi a ke shinkafa da alkama da albasa, da shi a ke su. Amma kowa ya san abin da ya kan yi in damina ta yi nauyi. Wadda ta ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ta bukatar a ba ta labari. Gidaje sun zube, rumbuna sun jiƙe, mata da goyo sun kwana a ajin makaranta. In ruwa ya janye a kan sake gini, sau da yawa kuwa yadda aka yi dā haka a ke maimaitawa. Mace ce ke yini a cikin gida. Ita ta san kusurwar da ruwa ke kwanciya, ita ta san bangon da ke fara jiƙa. Amma in magini ya zo ba ta da bakin magana, don ba a saba mata da tunanin gini ba. Wasan laka ba zai tare kogi ba, wannan aikin hukuma ne da jinga da yashe magudanai. Amma zai ba mace ido, ta san bango mai ƙwari da marar ƙwari.

To, ga abin da na ke so ku gwada, uwa da 'ya tare, da la'asar in an sauke tukunya. Ku sami laka mai danƙo, ku kwaɓa ta da 'yar ƙaiƙayi. Ku ɗauki cikin kwalin ashana ku yi ma'auni da shi, ku riƙa cikawa kuna kifewa a kan faifai ko tsohon buhu. Ku shanya a inuwa kwana biyu, kāna ku fitar rana, don in rana ta buge su tun suna ɗanye sai su tsattsage. In kun tara kamar ɗari biyu, sai gini.

Ku fara da bango biyu. Na farko ku jera tubali kowane daidai bisa ɗan'uwansa, har gaɓoɓin su miƙe daga ƙasa zuwa sama. Na biyu ku sa kowane tubali ya hau kan biyu, rabi nan rabi can. Sa'an nan ku tura kowane da yatsa. Na farkon zai rabu gida gida ya faɗi, na biyun zai yi gardama. Wannan ita ce ƙa'idar farko da masu LEGO su ke koyo, ita ce kuma ta mai ginin bulo, haka ma mai jera buhunan yashi a bakin jinga.

Bayan wannan ku gina 'yan ɗakuna biyu a cikin tsohon tire ko faffaɗan kwano. Ɗaya ku aza shi a ƙasa kai tsaye. Ɗaya kuwa ku yi masa dandamali da tsakuwa ko fasassun kasko, tudun yatsa biyu. Ku zuba ruwa sannu sannu da buta, ku zauna ku zuba ido. Za ku ga ginin laka daga gindi ya ke mutuwa: ƙasan ya jiƙe, ya narke, sa'an nan saman ya biyo. Wanda ke kan dandamali kuwa yana nan tsaye muddin ruwa bai kai gare shi ba. Gani ya kori ji. In ɗakin ya faɗi kada a yi wa yarinya dariya. Ki tambaye ta, “Me ya kayar da shi? Yaya za mu sake?” Nan ne amfanin wasan ya ke, wurin gyaran.

Ku kuma 'yan makaranta, ku shigo da ma'auni cikin abin. Ki auna ɗakin innarki. A ce tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita 3. In kika mai da kowace mita santimita 10, ɗan ɗakinki zai zama 40 da 30. Tubalin kwalin ashana wajen santimita 5 ne, ke nan takwas a tsawo, shida a faɗi. Ki zana a takarda tukuna, kāna ki gina. Haka masu zanen gine-gine da injiniyoyi su ke yi, su kan yi ƙaramin samfuri kafin a taɓa babban aiki. Madatsar ruwa ta Tiga da ta Calawa, waɗanda ruwansu ke gangarowa ta ƙofar gidajenmu, sai da aka zana su a takarda kafin a tona ko kwando ɗaya na ƙasa. Ba abin da zai hana 'yar Auyo ko Haɗejiya ko Kafin Hausa ta zama mai irin wannan aiki, in ta yi karatu, in kuma ba a kashe mata zuciya tun tana ƙarama ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sauran gargaɗi biyu. Na ɗaya, in Allah ya sa kin sami tubalan roba, ki nisanta su daga yaron da bai kai shekara uku ba, don kome ya samu baki ya ke kai shi, ƙaramin tubali kuwa yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Don ƙanana ne aka yi waɗansu manya masu suna Duplo tun 1969, waɗanda suka ninka na kullum a tsawo da faɗi da tudu. Na biyu, kada ki aiki yara su kaɗai ɗiban laka a bakin kogi ko kududdufi. Ban da hatsarin nutsewa, a irin ruwan nan kwantacce a ke ɗaukar tsargiya. Babba ya ɗebo musu, in an gama kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Uwargida, kada ki ce wannan ya fi ƙarfin matsayinki. Hannun da ya iya saƙar faifai da ɗinkin hula da jeren ɗaki, ginin tubali ba zai gagare shi ba. Ki zauna a tabarma tare da 'yarki ko da sau ɗaya ne a mako. In maƙwabciya ta leƙo ta yi dariya, ki matsa mata wuri ki miƙa mata kwalin ashana. Wadda ta gwada ta rubuto wa Edita ta gaya mana wane ɗaki ne ya fara faɗuwa, da dabarar da ta yi ta tsayar da shi, don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya kiyashe mu da ambaliya, ya ba mu damina mai albarka, ya shiryar mana da zuriya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.