Ƙuri'ar Haɗejia Da Bashin Kogi

Tun daga 2007, mazaɓar sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas ba ta saɓa wa jam'iyyar da ta ci gwamna a Dutse ba: PDP a 2007 da 2011, APC daga 2015 zuwa 2023. A 2023 ma ɗan masarautar, Umar Namadi na Kafin Hausa, ya zama gwamna.

To amma wace riba manoman Auyo, Guri da Kirikasamma suka ci? Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki. Muna kira ga jama'ar ƙananan hukumomin nan takwas da su ɗaure ƙuri'arsu da sharaɗin yashe Kogin Haɗejia. Wanda bai kawo shirinsa a rubuce ba, kada a zaɓe shi.