Nas Mai Auna Tsofaffi: Iliminta Da Albashinta

A ƙasar Amurka akwai gidajen jiyyar tsofaffi da naƙasassu wajen 15,000, waɗanda ke ɗauke da mutum fiye da miliyan ɗaya. A kusan kowane ɗayansu akwai wata nas wadda ba kasafai ake ganinta tana raba magani ko tana wanke miki ba. Aikinta shi ne ta binciki halin kowane mazaunin gidan, ta tattaro abin da likita da masu gashin ƙashi da masu kula da abinci da ƙananan ma'aikata suka gani, ta shigar da shi cikin wata doguwar takarda da ake kira MDS, sa'an nan ta sa hannu a aika wa Gwamnati. An daɗe ana ja-in-ja a can game da ilimin da ya kamata a nema wurin wannan nas da albashin da ya dace da ita. Da yake 'ya'yan Nijeriya suna ta kwarara zuwa irin waɗannan gidaje neman aiki, kuma da yake tsufa ya fara cim ma waɗanda suka zo Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal tun suna samari, maganar ta wuce a ce ta Turawa ce kaɗai.

Asalin wannan aiki abin kunya ne ya haife shi. Bayan da aka kafa shirye-shiryen Medicare da Medicaid a 1965, watau asusun da Gwamnatin Amurka ke biyan kuɗin jiyyar tsofaffi da matalauta da shi, sai gidajen jiyya suka yi ta tsirowa, domin kuɗi ya samu. Aka yi ta samun labarin tsofaffin da aka ɗaure jikin kujera yini guda, da waɗanda aka dirka wa maganin barci don kada su dami ma'aikata, da waɗanda bayansu ya ruɓe saboda kwanciya ba mai juya su. A 1986 wata cibiyar masana harkar lafiya ta ƙasar ta fito da rahoto a kan lamarin, a 1987 kuwa Majalisar Dokokin Tarayya ta yi dokar gyaran gidajen jiyya. Cikin abin da dokar ta wajabta har da cewa kowane mazauni sai an auna shi da ma'auni iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, kuma cikakkiyar nas mai rajista ce za ta gudanar da awon ko ta shugabance shi, ta kuma sa hannu cewa an kammala.

Awon ba na rana ɗaya ba ne. Ana yin cikakke cikin kwana 14 da shigowar mutum, a sake dubawa kowane wata uku, a sake cikakke kowace shekara, da kuma duk sa'ad da halinsa ya canja ƙwarai. Ana duba jinsa da ganinsa da maganarsa. Ana gwada hankalinsa: a faɗa masa kalmomi uku ya maimaita, a tambaye shi shekara da wata da rana, bayan ɗan lokaci a ce ya tuno kalmomin nan, a ba shi maki tsakanin sifiri da 15. Ana tambayarsa ko yana cikin baƙin ciki, ko yana jin ciwo, ko ya faɗi kwanan nan. Ana rubuta ko yana iya cin abinci da hannunsa, ko yana iya tashi daga gado, ko yana iya zuwa bayan gida. In ya rage nauyi da kashi 5 cikin ɗari a wata guda, ko kashi 10 a wata shida, dole a nuna. In yana da gyambon kwanciya, sai an faɗi zurfinsa. Daga wannan bayani ne ake tsara yadda za a yi jiyyarsa. In an rubuta yana haɗiye abinci lafiya alhali kuwa yana shaƙewa, to, za a ci gaba da ba shi abin da zai iya kashe shi.

Amma fa takardar nan tana da wani aiki na biyu, kuma a nan gizo yake saƙar. Tun 1998 Medicare ke biyan gidajen jiyya gwargwadon abin da awon ya nuna, jihohi da yawa ma haka suke yi da kuɗin Medicaid. In takarda ta nuna majiyyaci yana da larura mai nauyi, kuɗin kwanansa ya ƙaru. Har ila yau, tun 2008 Gwamnati ke ba gidajen darajar tauraro ɗaya zuwa biyar domin jama'a su san inda za su kai iyayensu, kuma wani kashi na darajar daga wannan takarda yake fitowa. Ke nan alƙalamin nas guda yana riƙe da lafiyar tsoho, da aljihun mai gidan jiyya, da sunan gidan a idon duniya. Waɗannan uku kuwa ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba.

Ba zargi kawai ba ne. Ofishin babban mai binciken Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ya ba da rahoto a 2012 cewa kashi ɗaya cikin huɗu na takardun neman biya da gidajen suka kai wa Medicare a 2009 akwai kuskure a ciki, yawanci na ƙara nauyin larura, kuma kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba ya kai dala biliyan ɗaya da rabi. A watan Oktoba na 2019 aka sauya tsarin biya dungum, aka daina ɗora shi a kan yawan mintocin gashi da motsa jiki, domin an gane ana yi wa tsofaffi gashin da ba su bukata don a kai wani adadi. A Janairun 2023 kuma Gwamnati ta fara bin diddigin gidajen da ke rubuta wa tsofaffi wani ciwon taɓin hankali da ba su da shi, don a sami hujjar ba su magungunan kwantar da hankali ba tare da darajar gidan ta faɗi ba. Dokar ta tanadi tara a kan duk wanda ya sa hannu kan ƙarya da gangan, da tara mafi nauyi a kan wanda ya sa shi ya yi. Sai dai kowa ya sani, sunan da ke ƙasan takarda shi ake fara kamawa.

To, wane ilimi ake nema wurin mai wannan nauyi? Dokar tarayya ta ce nas mai rajista, daga nan ta yi shiru. Ba ta faɗi shekarun ƙwarewa ba, ba ta wajabta wani horo na musamman ba. Akwai takardar shaida mai suna RAC-CT da wata ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ke bayarwa bayan kwas da jarrabawa, gidaje da dama suna nemanta, amma ba doka ce ta tilasta ba. A wurare da yawa ƙaramar nas wadda ta yi karatun shekara guda ko ɗan fiye ita ke cika takardar, babbar nas ta zo ta sa hannu a kan abin da wataƙila ba ta gani da idonta ba. Masu gidajen suna da hujjarsu. Suna cewa manyan nas-nas sun yi ƙaranci, musamman a ƙauyuka, kuma ƙaramar nas da ta shekara goma a gidan ta fi sabuwar mai digiri sanin tsofaffin. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa daidai ba ne a raina ta. Amma abin da take nunawa shi ne a buɗe wa ƙananan hanyar ƙaro karatu da kuɗin gidan, su kai matsayin da za su sa hannu da kansu. Sa hannun wani a kan awon wani shi ne ƙofar da ɓarna ke shigowa ta ciki. Abin da ya dace shi ne a haɗa uku: cikakkiyar rajista, da shekaru a bakin gadon tsofaffi, da horon wannan takarda wanda ake sabuntawa, gama ƙa'idodinta suna canjawa kusan kowane Oktoba. Wadda ba ta taɓa juya tsoho a kan gado ba, da wuya ta gane gyambon da ke shirin fashewa daga jan fata kawai.

Maganar albashi ta fi wannan zafi. Ƙididdigar Gwamnatin Amurka ta 2023 ta nuna matsakaicin abin da nas mai rajista ke samu dala 86,070 ne a shekara, kuma waɗanda ke gidajen jiyya suna ƙasa da na asibitoci da dubban daloli. Saboda haka ƙwararru sukan gudu asibiti, a bar aikin awon ga wanda aka samu. A gidaje da yawa kuma, in wata nas ba ta zo aiki ba, mai awon ake janyowa ta toshe gurbi, takardunta su taru, wa'adinsu kuwa ba ya jira. Lalle ya kamata albashinta ya yi kafaɗa da na manyan shugabannin jiyya na gidan, a kuma ƙayyade yawan mazaunan da nas ɗaya za ta auna. Abu guda ne bai kamata a yarda da shi ba ko kaɗan: a ɗaura ladanta ko ƙarin girmanta a kan yawan kuɗin da takardunta suka jawo wa gida. Wanda ya yi haka ya ba kura ajiyar nama, sa'an nan ya koma yana mamakin ƙashi. Ma'aunin ƙwazonta shi ne in mai bincike ya zo ya ɗauki takarda ya tsaya gaban tsoho, ya tarar abin da aka rubuta shi ne abin da ke kwance.

Wannan adadi na daloli shi ke ruɗa iyaye a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, musamman tun da dala ta haura Naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. A farkon 2024 magatakardan majalisar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista a Nijeriya ya bayyana cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Majalisar ta fito da ƙa'idar sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko. A ƙarshen Yulin 2025 kuma na asibitocin Gwamnatin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da matsayinsu a tsarin albashi. Tsare ƙofa ba ya hana mai yunwa fita. Amma uban da ke shirin sayar da fili ko ya ci bashin abokan kasuwa don ya tura ɗiyarsa, ya kamata ya san cewa takardar Nijeriya ita kaɗai ba ta kai ta kujerar da ake magana. Sai an tantance karatunta, ta ci jarrabawar NCLEX, ta sami lasisin jihar da za ta zauna, sa'an nan ta yi shekaru tana aikin dare da rana. Wadda ta tafi ba wannan, aikin wanka da canja zanen gado za ta samu, albashinsa kuwa bai kai rabin wancan ba, ga haya ga haraji. Dillalin da ya ce akwai gajeriyar hanya, kuɗin gidan yake so.

Akwai kuma tsofaffin gida. Bahaushe yana ganin kai mahaifi gidan jiyya abin kunya ne, kuma wannan kunya alheri ce da ba a so ta gushe. Sai dai Sabon Badun an kafa shi tun 1916, zangon Agege ma ya daɗe, kuma cikinsu akwai dattawan da suka ƙare ƙarfinsu a dakon goro da kiwon shanu da gadi da fawa, wasu ba su yi iyali ba, wasu danginsu na Arewa sun manta da kamanninsu. Dā maigida ne ke riƙe irin waɗannan har ƙasa ta rufe musu ido. Yanzu maigidan kansa yana fama da kuɗin haya da na makaranta. In shanyewar jiki ta kama irin wannan dattijo, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a gefen masallaci, mai tausayi ya kawo koko, amma ba mai duba bayansa, ba mai lura ko ya rame, ba mai sanin ko maganin hawan jinin da aka saya masa a kemis ya yi masa yawa.

Gwamnati ba ta rasa abin farawa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun ya buɗe sashe na musamman domin tsofaffi a 2012, Gwamnatin Jihar Ikko tana da gidan tsofaffi a Yaba, an kuma sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018. Gidajen jiyya na 'yan kasuwa suna ta buɗewa a Ikko da Abuja. Tun yanzu, kafin su yi yawa su fi ƙarfin hukuma kamar yadda aka yi a Amurka, ya kamata Ma'aikatar Lafiya da majalisar nas-nas su shimfiɗa sharaɗi: kowane gida sai da nas mai rajista da za ta auna kowane mazauni lokacin shigowa da kuma bayan kowane wata uku, a rubuce, da sa hannunta, a ba ta matsayi bayyananne a tsarin albashi. Ba sai an kwaikwayi doguwar takardar Amurka ba. Shafi biyu masu tambaya kan ci da sha, da nauyi, da fata, da tafiya, da hankali, da magunguna sun isa a fara, muddin ana iya yi wa tsoho tambayoyin da harshen da yake ji. Dattijon da aka gwada hankalinsa da Turanci ko Yarbanci alhali Hausa kaɗai ya iya, za a rubuta shi cikin masu ruɗewa ba gaira ba dalili.

Sarakunan Hausawa na biranen Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwar goro da na shanu ba sai sun jira doka ba. Suna tara kuɗin gyaran masallaci da na kai gawa gida. Daga cikin irin wannan asusu za a iya ɗaukar nas guda mai rajista, daga 'ya'yan unguwa in an samu, a yanka mata albashin wata wanda ba za ta ji kunyar faɗa ba, a ba ta littafi da sikeli da na'urar awon jini, ta riƙa zagaya kwantattun dattawa tana rubuta halinsu, tana tura wanda ya kamata asibiti kafin gyambo ya kai ga ƙashi.