Murfin Sarƙar da Aka Jingine a Zaure

A bakin Kasuwar Hatsi ta Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kullum tsofaffin babura na shigowa daga ƙauyuka ɗauke da buhunan gero da wake da riɗi. Masu su na ji da injin kamar ɗan fari: a sauya masa mai, a saurari kukansa. Sarƙa kuwa, wadda ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafar baya, ba a tuna ta sai ran da ta zame. Wannan sakaci ne mai tsada.

Yawancin baburan aiki irin na da sun zo da murfin ƙarfe da ya lulluɓe sarƙar. Da ya fara ƙara, sai a kwance shi a jingine a zaure, a riƙa tsiyaya wa sarƙar baƙin man da aka juye daga inji. Man ya kama ƙurar hunturu da yashin hanyar gona, ya zama tamkar dutsen wasa, yana cin sarƙar da haƙoran da take hawa. Kafin a ankara ta saki, haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe.

Daga nan sai kuskure na biyu: a ɗaure ta tamau. Alhali sarƙa na buƙatar ɗan sassauci, kimanin santimita 2 zuwa 3 idan aka ɗaga tsakiyarta da yatsa, domin da zarar an ɗora buhu babur ya zauna, sai ta ƙara miƙewa. Wadda aka matse tana cin boris, tana iya tsinkewa. Wadda ta saki da yawa kuma tana iya zamewa ta cije ƙafar baya, kuma babur mai kaya da ƙafarsa ta cije a titin Katsina, tsakanin tireloli, ba ya ba mai shi damar yin shawara.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A wanke sarƙa da kananzir, a sa mata mai mai tsabta. Wajen ja da ƙafar baya, a juya notin dama da na hagu daidai wa daida, don kada tayar ta karkace, sannan a sake daidaita birki. Idan lokacin sauyi ya yi, a sauya sarƙa tare da haƙoran gaba da na baya, domin tsofaffin haƙora kan cinye sabuwar sarƙa da wuri. Araha ba ta ado.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manomi na lissafin kowace lita, amma busasshiyar sarƙa na shan nata kason a ɓoye. Saboda haka ya kamata bakanike ya daina biye wa mai cewa a cire murfi. Wanda nasa ke zaure kuma, ya kakkaɓe shi ya mayar.