Su wa ke ciyar da ƙasa?

'Yan uwa makiyaya, duk shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci, sai a ce ruwa ne bai wadata ba, ko kuwa a ce dabbobinmu ne suka cinye daji. Masu faɗin haka ba su duba abin da ke cikin ƙasa ba.

Binciken da masana na Mali da Holan suka yi a yankin Niono, wanda aka buga a 1982, ya nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin sinadarin azot da fosfor ya fi ƙarancin ruwa tauye ciyawa. Azot shi ne abin da ke cikin takin ure, amma tun kafin a san buhun taki akwai masu samar da shi. Ku tumɓuke gadagi ko wake, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A ciki ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune, suna ɗebo azot daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su. Gawo ma haka yake, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa.

Wannan zumunci yana da rauni. In aka tula ure, shuka ta samu abinci a ɓagas, sai ta rage ƙulle-ƙullen. Ruwan fari kuma yakan tada ƙwayoyin ƙasa su saki azot gaba ɗaya. In fari ya biyo baya tsiro ya ƙone, sai ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke azot ɗin cikin rairayi, ba saiwar da za ta kama shi.

Abin da ke riƙe shi shi ne kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kara, abincin ƙwayoyin nan. A da, manomi kan ba makiyayi damin gero don garke ya kwana gonarsa da rani. Yau ana kwashe kara da harawa zuwa kasuwa, a kori shanu, sannan a yi kukan gona ta mutu!

Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da 'yancin yawon kiwo. Muna kira ga kwamitocin kula da filaye da sarakunan gargajiya su tsayar da ranar sakin gonaki da wuri, su kuma hana sare gawo a bakin burtali.