Facin da Ya Yi Wata Shida Yana Jira

Ranar Asabar, 25 ga Janairun 2003, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Slammer ta faɗa intanet. Girmanta bayit 376 ne kacal, kwatankwacin ɗan sakin layi guda. Cikin minti goma ta harbi kwamfutoci kusan 75,000 masu ɗauke da SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta kamfanin Microsoft. Intanet ta durƙushe na sa'o'i a Koriya ta Kudu. A Amurka kuwa, yawancin na'urorin cirar kuɗi 13,000 na Bank of America suka ƙi ba mutane kuɗinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun watan Yulin 2002 Microsoft ta fitar da facin da ke toshe kafar da Slammer ta bi ta shiga. Wata shida gyaran yana ajiye, kyauta, masu rumbuna ba su ɗauka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga, wannan tsaga kuwa an daɗe da nuna ta.

Na san hujjar masu kula da waɗannan na'urori, kuma ban raina ta ba. Sa faci yakan bukaci a tsayar da aiki, wani lokaci sabon gyara ya rikita tsohuwar manhajar da ofis ya dogara da ita. Ma'aikaci na tsoron faɗan oga, sai ya ce a bari sai an samu sarari. Amma ranar da kamfani ya sanar da faci, a ranar ɓarayin intanet ma suka ji inda raunin yake, su kuma ba sa jiran sarari.

A yau lambarmu ta BVN, da NIN, da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu, duk a irin waɗannan rumbuna suke kwance. Amana ce a hannun wanda bai taɓa ganin fuskarmu ba.

Don haka da shugabannin ma'aikatu nake. Ku ware dare guda kowane wata don aikin sa faci. A kwafi bayanai a ajiye gefe, a gwada facin a wata na'ura, sannan a sa shi. Idan ma'aikaci ya nemi a rufe rumbu na awa biyu, ku ba shi. Magidanci da rani yake yaɓe katangarsa, tun hadari bai taso ba.